Ɗaurin hannu a damben gargajiya

Ɗaurin hannu a damben gargajiya shi ne naɗe dunƙulallen hannun ɗan dambe da ƙyalle da zare, tun daga kan yatsu har a zarce wuyan hannu, kafin ya shiga fili. Hannu ɗaya kawai ake ɗaurewa, wato wanda ɗan wasan ya fi ƙarfi da shi. Ɗayan kuwa ana barinsa a buɗe domin kare kai da auna tazara. Ɗaurin yana yin aiki iri biyu a lokaci guda: yana mayar da hannu dunƙule mai tauri da nauyi don kai duka, kuma yana tallafa wa wuyan hannu don kada ya lanƙwashe idan dukan ya sauka. Shi ne babban abin da ya bambanta damben Hausawa da damben zamani, wanda ake sa safar hannu a hannu biyu. Ana yin sa a duk inda ake damben gargajiya, a Arewacin Najeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar da sauran wuraren da Hausawa suka zauna a Afirka ta Yamma.

Kalmomi

Abin da ake naɗawa a hannu 'yan dambe suna kiransa zare, duk da cewa ya fi zaren ɗinki kauri nesa ba kusa ba, domin siririyar igiya ce murɗaɗɗiya. Wasu rubuce-rubuce da aka yi da Turanci a kan dambe sukan kira ɗaurin da sunan kara. Kalmar zare ta faɗaɗa har ta zama sunan karawar kanta. Idan aka ce wane da wane sun sa zare, ana nufin sun dambata, kuma haka masu kawo rahoton dambe a rediyo suke faɗa. Wannan salo ne da aka sani a harshe, inda ake kiran aiki da sunan kayan da ake yinsa da shi.

Akwai wasu kalmomin da ke tafiya tare da ɗaurin. Ana kwatanta hannun da aka ɗaure da mashi, wanda aka bari a buɗe kuma da garkuwa. Idan ɗan wasa ya kai abokin karawarsa ƙasa, ko da gwiwa ce ko hannu ya taɓa ƙasa, ana cewa ya yi kisa, alhali ba ran kowa aka ɗauka ba. Waɗannan duka kalmomin yaƙi ne da wasan ya ara. Zagaye ɗaya na karawa sunansa turmi, kuma yawanci turmi uku ake yi. Idan an gama ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa.

Hannun da aka ɗaure yana iya ba ɗan wasa suna. Wanda ke ɗaure hagu ana ce masa bahago, kuma sau da yawa laƙabin yakan bi shi har ƙarshen wasansa, a riƙa kiransa Bahagon wane, a jingina shi ga ubangidansa. Haka ma Shagon wane yana nufin yaron wane ko almajirinsa a dambe. Gaɓar da ɗaurin ke tallafa wa tana da suna biyu a Hausa, wuyan hannu da tsintsiyar hannu.

Asali

Dambe a ƙasar Hausa an fi danganta shi da mahauta. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, 'yan dambe sukan bi gari gari suna karawa da samarin wurin, makaɗa na biye da su da kalangu, wanda shi ne kiɗan mahauta. Daga baya wasan ya fita daga hannun sana'a ɗaya, ya shiga birane, aka buɗe gidajen dambe da ake biyan kuɗin shiga, irin gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja. A irin waɗannan gidaje 'yan wasa sun kasu ɓangarori kamar Arewa da Kudu da Jamus da Guramaɗa. Mawaƙin da ya fi shahara a fagen shi ne Muhammadu Bawa Ɗan Anace, wanda waƙarsa ta Shago ta zaga ƙasar Hausa.

A duk waɗannan sauye-sauye ɗaurin hannu ɗaya bai gushe ba. Abin da ya canza shi ne abin da aka yarda a sa a cikinsa. Masu rubutu a kan tsohon dambe sun ambaci cewa wasu sukan shafa ƙaro a kan zaren su barbaɗa garin kwalba, wasu kuma su riƙe ƙarfe a cikin dunƙulen. An haramta wannan. Sanya laya a cikin ɗauri da yin tsaga a hannu a shafa magani su ma tsofaffin al'adu ne na 'yan dambe, waɗanda suke ganin suna ƙara wa hannu dafi. A yau dambe yana cikin wasannin gargajiya da ake gasa a kansu a matakin ƙasa a Najeriya, tare da kokawa da langa da ayo da abula.

Yadda ake ɗaurawa

Ɗan dambe ba ya iya ɗaure hannunsa da kyau shi kaɗai, saboda hannu ɗaya ne ya rage masa. Yawanci ubangidansa ko wani daga cikin ɓangarensu ne ke yi masa. Matakan su ne kamar haka:

1. Ɗan wasa zai dunƙule hannu, yatsu su kwanta cikin tafi.
2. A rufe dunƙulen da wuyan hannu da ƙyalle. Ƙyallen yana hana zare cin fata, yana kuma shan gumi.
3. A fara naɗa zare zagaye bayan zagaye, kowane zagaye kusa da ɗan'uwansa, a rufe dunƙulen, a bi ta wuyan hannu, a hau kan sangalin hannu kaɗan.
4. A ƙulle bakin zaren ta yadda ba zai warware a tsakiyar turmi ba.

Da zarar an gama, hannun ba ya buɗuwa. Ɗan wasa ba zai iya kama komai da shi ba, kuma idan zai faɗi ba zai iya dafa ƙasa da tafi ba. Riƙo da turi da tare duka sun koma kan hannun garkuwa. Wannan ne ya haifar da tsayuwar da aka san dambe da ita: ƙafafu a ware, garkuwa a miƙe gaba, mashi a ja baya ana jiran dama. Dukan ma yawanci ba miƙaƙƙe ba ne irin na damben zamani. Lilo ake yi da hannun daga baya ko daga sama, kamar mai sauke kulki.

Abin da ɗaurin ke yi wa wuyan hannu

Hannun ɗan Adam, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana da ƙasusuwa 27. Takwas daga ciki ƙanana ne da aka jera layi biyu a wuyan hannu, biyar dogaye ne a cikin tafi, sauran 14 kuma na yatsu ne. Jijiyoyi ne ke riƙe su wuri guda. Wannan tsari ya dace da kamawa da juyawa da aikin da ke buƙatar laushin hannu, amma bai dace da dukan abu mai tauri irin ƙoƙon kai ba.

Idan duka ya sauka wuyan hannu yana miƙe, ƙarfin yakan bi ta ƙasusuwan tafi ya wuce cikin sangalin hannu, wanda zai iya ɗauka. Idan kuwa wuyan hannu ya ɗan karkata, ƙarfin yakan lanƙwasa gaɓar, ya ja jijiyoyi, a samu targaɗe ko gocewa ko karaya. Zaren da ya ƙetare gaɓar ya hau sangali yana aiki kamar karan ɗori: yana rage yadda gaɓar za ta iya motsawa. Wanda ya zagaye tafin kuma yana matse ƙasusuwa biyar ɗin su zama kamar abu guda, kada ɗaya ya ɗauki dukan shi kaɗai.

Ba ƙullin ƙarshe ne ke riƙe ɗaurin ba. Abin da ke riƙe shi shi ne gogayya, wato cizon da zare ke yi wa abin da aka naɗa shi a kai. Kowane zagaye yana ninka riƙon wanda ya gabace shi ne, ba ƙari kawai yake yi ba. Alal misali, idan zagaye ɗaya ya rage ƙarfin da ake buƙata a riƙe bakin igiya zuwa kashi ɗaya cikin uku, zagaye biyu zai mayar da shi ɗaya cikin tara, uku kuma ɗaya cikin 27. Masanin lissafi Leonhard Euler ya yi bayanin wannan a ƙarni na 18. Masu jirgin ruwa sun san shi a aikace, domin da zagaye biyu ko uku a jikin turke yaro zai riƙe kwalekwalen da ruwa ke ja. Saboda wannan ninkin ne ɗaurin dambe yake iya matsewa fiye da yadda mai ɗaurawa ya yi niyya.

Haɗari da kariya

Amfanin ɗaurin yana cikin matsewarsa, haɗarinsa ma yana nan. Idan ya yi sako-sako, hannu zai riƙa motsi a ciki, zare ya goge fata, gaɓa kuma ta rasa tallafi. Idan ya matse da yawa, zai danne hanyoyin jini da jijiyoyin ji da ke ratsa wuyan hannu dab da fata. Alamomin su ne sagewar hannu, jin kamar ana tsira allura a yatsu, sanyi, da zugi mai ƙaruwa. Da yake yatsun suna rufe, ba a iya ganin canjin launinsu, sai dai a dogara da abin da ɗan wasan ya faɗa. Matsalar ita ce a fagen da ake yabon jarumta, yaro yakan ji kunyar cewa hannunsa ya sage. Jijiyar da aka danne na ɗan lokaci takan farfaɗo, amma wadda ta daɗe a danne tana iya barin mutum da mataccen ji a bayan hannu ko babban yatsa na makonni ko watanni. Don haka ba a barin ɗauri a hannu tun da rana ana jiran wasan yamma, kuma ana kwance shi da zarar an tashi.

Ɗauri ba ya hana karaya gaba ɗaya. Karayar da aka fi sani ga masu naushi ita ce ta ƙashin tafi da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa, har likitoci suna kiranta karayar ɗan dambe. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce ta wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa, mai suna sikafoyid, daga kalmar Girkanci mai nufin kwalekwale, saboda siffarsa. Karayarsa takan yi kama da targaɗe, wani lokaci ma ba ta fitowa a hoton ƙashi na farko. Jini kaɗan ne ke isa wani sashe na ƙashin, shi ya sa idan ba a tsayar da gaɓar ba yana iya ƙin haɗewa, wuyan hannu ya riƙa ciwo shekara da shekaru. Ciwo a ɗan ramin da ke gindin babban yatsa wanda ya ƙi lafawa bayan kwanaki dalili ne na zuwa asibiti.

Akwai kuma haɗarin da ke kan wanda aka daka. Zare ba ya shanye duka kamar yadda safar damben zamani ke yi, kuma kaushinsa yana tsaga fatar gira da leɓe. Zaren da ya sha jinin wani, idan aka naɗa shi a hannun da ke da sabuwar tsaga, ko aka daki fuska mai rauni da shi, yana iya ɗaukar cuta irin ciwon hanta nau'in B. Wanke ƙyalle da zare da shanya su, da kuma kowa ya riƙe nasa, suna rage wannan.

A jihar Kebbi da bakin iyakar Benin

An ƙirƙiri jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Babban taron da ake nuna wasannin gargajiya a jihar shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016. Ban da su a kogin Matan Fada, ana yin kokawa da dambe a lokacin bikin.

Ƙaramar hukumar Bagudo tana yammacin jihar, tana iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma kogin Kwara ya ratsa ta. Daga cikin garuruwanta akwai Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya. Yanki ne na harsuna da yawa, inda ake jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da Busanci da harshen Kyangawa, kuma Hausa ce akasari harshen kasuwa. Hanyar Tsamiya tana shiga Segbana ta Benin, sannan a gaba can bakin kogi akwai Malanbil, wadda ke fuskantar Gaya ta Nijar. A ƙetaren Nijar kokawa ce ta fi dambe daraja, domin ita ce ake wa gasar takobi ta ƙasa tun 1975, kuma a kokawa ba a ɗaure hannu, saboda kamawa ce jigon wasan.

Abu biyu ne suka sa batun ɗaurin hannu yake da muhimmanci a yanki irin wannan. Na farko, mafi yawan samari manoma ne da masunta da makiyaya, waɗanda abincinsu yake hannunsu. Wuyan hannun da ya lalace da kaka yana iya hana mutum riƙe fartanya da damina ko jan taru a kogi. Manyan asibitocin jihar suna Birnin Kebbi, kuma a karkara mai ɗori aka fi fara nema. Ɗori yana da dogon tarihi a ƙasar Hausa, amma karayar ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu ba a tabbatar da ita da lalube, sai da hoto. Na biyu, naɗa igiya a hannu abu ne na yau da kullum a wurin masu jan guga da masu jan dabba da masu kwalekwale, kuma ƙa'idar ninkin riƙo ɗaya ce. Igiyar da aka naɗa a wuyan hannu ba ta sakin mutum idan sa ya fizga ko ruwa ya ja jirgi. Shi ya sa ake riƙe igiyar dabba a tafi, ba a naɗa ta a gaɓa.

Makamantansa a duniya

Naɗe hannu don faɗa tsohon abu ne. Girkawa sun shigar da dambe cikin wasannin Olamfik a shekara ta 688 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma suna naɗe hannu da wuyan hannu da tsirkiyar fatar sa. Rumawa daga baya sun ƙara ƙarfe a cikin naɗin. A ƙasar Tailan 'yan damben Muay Thai sun daɗe suna naɗe hannu biyu da igiya har kusa da gwiwar hannu, kafin a koma safar hannu a ƙarshen shekarun 1920. A Ingila dokokin Queensberry da aka buga a 1867 su ne suka wajabta safar hannu. Duk da haka ɗan damben zamani yana naɗe hannunsa da bandeji a ƙarƙashin safar, kuma jami'ai suna duba naɗin kafin wasa. A watan Janairun 2009, a Los Angeles ta Amurka, an gano wani abu mai taurin filasta a cikin naɗin Antonio Margarito kafin karawarsa da Shane Mosley, aka kuma ƙwace lasisinsa. Dalilin dubawar ɗaya ne da dalilin hana garin kwalba a damben Hausa.

Akwai kuma wasan da ake naɗe wuyan hannu ba don duka ba, sai don rataya. Shi ne wasan ƙyallen sama, inda ake rataye dogon yadi mai faɗi daga rufin ɗaki, yana saukowa reshe biyu, ɗan wasa ya hau shi yana naɗa shi a jiki, yana juyi da lilo ba tare da igiyar tsaro ba. Wasan ya yi fice a shekarun 1990, musamman ta hanyar kamfanin Cirque du Soleil na Kanada. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake koya wa sabon shiga shi ne kullin wuyan hannu: ya zagaya ƙyallen a wuyan hannunsa sannan ya kama shi a sama da naɗin. Idan nauyin jiki ya sauka, naɗin yakan cije, ya ɗauke wa yatsu wani ɓangare na aikin. Da haka mai koyo zai iya motsa jiki a rataye, ya ɗaga ƙafafu ko ya juya kai ƙasa, tun kafin riƙonsa ya yi ƙarfi.

Wasannin biyu sun haɗu a kan gogayya, amma nauyin da ke kan gaɓar ya saɓa. A dambe duka yana tura hannu cikin sangali, ɗauri kuma yana hana lanƙwasa. A wasan ƙyalle nauyin jiki yana jan hannu daga sangali, kuma naɗin yana ƙara matsewa gwargwadon nauyin. Saboda haka masu koyarwa suke hana ɗalibi sakin jiki gaba ɗaya a kan kullin. Ana so yatsu su ci gaba da riƙo, wuyan hannu ya tsaya a miƙe, kafaɗa ta riƙe kanta, a yi kusa da ƙasa a kan katifa, kuma ba a yin faɗowar ganganci da kullin a hannu. Ana ɗaukarsa tallafi na wucin gadi, domin wanda ya dogara da shi kullum riƙonsa ba zai ƙaru ba. Haka abin yake a dambe: zare yana tsare gaɓar da aka riga aka horar, amma ba ya gyara dukan da aka kai a karkace.

Duba kuma

Dambe
Kokawa
Ɗan Anace
Bikin kamun kifi na Argungu
Bagudo